Bangon Ɗakin Inna

Gidanmu a Mandawari shi ne na ƙarshe a gangaren lungu, don haka duk abin da aka saki a kwata daga sama, a ƙofarmu yake yada zango. Da rani babu damuwa. Damina ce take nuna mana halin maƙwabta.

Da zarar hadari ya haɗu, sai ka ji ƙarar bokitai a zauruka. Kowace mace ta fito da sharar da ta tara, leda da ɓawon rake da tsumma, ta tsaya jira. Ruwa na sauka ta juye a kwata, wai ya tafi da ita.

Kwatar kuwa jikin bangon ɗakin surukata take bi, wadda muke kira Inna. Soro ne na ƙasa. Cikinsa aka kawo ta amarya, cikinsa ta haifi maigidana. Ƙafa ta daina ɗaukarta sosai, amma zancen barin ɗakin ko ji ba ta son yi. Idan kwata ta toshe, ruwa ya kwanta a gindin bangon ya yi ta cinsa. Na sha shafa shi ta ciki, ƙasa tana biyo hannuna.

Wata damina aka yi ta sheƙa ruwa har wanki ya fara wari a igiya. Na yafa mayafi na haura gidan wata Hajiya da ke sama da mu. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, don Allah a taimaka mana da sharar nan. Bangon Inna ya sha ruwa."

Ta yi dariya. "Haba ƙanwata, tawa 'yar mitsitsiyar? Ai ruwa ne yake tafiya da ita."

"Ya kai ta ina, Hajiya?"

"Oho! Inda Allah ya nufa mana."

Amsa ta zo min har baki, na haɗiye, don kada in sa sunan Allah cikin faɗa. Gida uku na shiga a ranar, kowacce ta ce tata sharar kaɗan ce.

Ranar wata Juma'a, maza duk suna masallaci, sama ta ɓalle. Na fita da taɓarya ina zungurar bakin kwata, ruwa har gwiwa. Na zaro leda, wata ta zo. Har da tsohuwar tabarma, ita ma wai ruwa zai tafi da ita! Ina karanta addu'ar saukar ruwa, don na san rahama ce, amma wallahi zuciyata tafasa take.

Sai na ji ƙasa tana zuba ta cikin gida. Na jefar da taɓarya na faɗa ɗakin. Inna na zaune bakin gado, bango ya tsage a bayanta, ana hango haske.

"Inna, hau bayana."

"Ke, tafi can. Soron nan ya girme ki."

Ban saurare ta ba, na suri tsohuwa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya sa ni kuka ke nan. Muna kaiwa tsakar gida bangon ya rushe.

Da yamma gida ya cika da 'yan jaje. Kowa na cewa ƙaddara ce, ni kuma ina amsawa ina shimfiɗa musu tabarma. Magini ya duba ya ce sai rani, ƙasa ba ta kamawa cikin ruwa.

Inna ta dawo ɗakina. Ba ta yi min faɗa ba, ba ta kuma yi godiya ba. Kullum bayan la'asar sai ta ce in kai mata kujera bakin ƙofa, ta zauna tana kallon inda gadonta yake a da.