Kyanwar Da Aka Bar Miki Amana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, bakwai ga watan Safar, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyata kuma yayata a zumunci, wadda duk layinmu ke kira Yaya Tela.

Yaya, tun da na tare a gidan da ke jikin naki, ƙarar kekenki ce ke gaya mini gari ya waye. Kin ɗinka wa marayun layin nan kayan makaranta da ragowar yadi, in an yi godiya ki ce ai ƙyalle ne ya ishe ki a ɗaki. Ko dabba ba ki iya ganin ta da yunwa. Malam, maigidanki, yakan yi miki tsiya cewa kyanwowin unguwa sun fi shi sanin lokacin da kike sauke tukunya.

Wannan halin aka sani, shi ya sa aka kawo miki ita. Auta, 'yar ƙanenki da kika goya har kika aurar, ta shigo da kyanwarta a kwali, ta ce za su yi tafiya, ki riƙe mata. Ta ce mura ce ke damun kyanwar. Kika shimfiɗa mata tsumma a ƙarƙashin keke, dab da ƙafarki, kina ba ta madara da cokali.

Abin da Auta ba ta faɗa ba, sai bayan jana'iza na ji shi daga bakin likitan dabbobi. Ɓeraye sun yi ta mutuwa da kansu a shagon hatsin mijinta, kyanwar kuma can take farauta. Likitan ya gaya musu yana zargin annobar da ƙuma ke ɗaukowa daga ɓera, domin in ɓeran ya mutu ƙumar kan koma jikin kyanwa ko mutum. Ya ce a keɓe ta, a yi feshin ƙuma, a sanar da ma'aikatan lafiya. Auta da mijinta suka je asibiti suka karɓi maganin kariya. Tsoron kada a rufe shago ya sa suka yi shiru.

Da zazzaɓi ya kama ki, kaluluwa ta fito miki a hamata, ni na dafa miki ruwan zafi na gasa wurin. Kika ce, "Ƙanwata, gajiyar ɗinki ce, kar ki tayar wa Malam da hankali." Ko da muka kai ki asibiti, ciwon ya ci jiki. Likita ya ce cutar tana jin magani in an zo da wuri. Da wani ya furta kalma ɗaya, da mun zo da wuri.

Na yi imani ajali ba ya jinkiri, kuma ban ce Auta ta nufe ki da sharri ba. Na ga kukanta a zaman makoki, ban ƙaryata shi ba. Amma da ta ja ni gefe ta ce, "Gwaggo, don Allah a rufa asiri," sai na tuna yaran layinsu suna wasa a bayan shagon nan ba takalmi. Na ce mata ba zan iya ba. Na je na faɗa wa ma'aikatan lafiya. An rufe shagon, an yi feshi, an duba mu duka har da dabbobinmu. Yanzu Auta ba ta amsa gaisuwata. Ki yafe mini in na taɓa 'yarki, Yaya.

Ina miƙa ta'aziyya ga Malam, da 'ya'yanki, da Auta ma, domin ita ma uwa ta rasa. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya karɓi jinyarki a matsayin shahada. Ni kuma Allah Ya wanke mini zuciya, domin har yau ban iya yafewa ba.