Ranar da Iya Ta Soya wa Mai Tashi Sama Masa

Ko na manta komai na ƙuruciyata a Ƙofar Wambai, ba zan manta shekarar da na zama tafintar kakata ba. Abin ya faro ne wata la'asar da na kunna talabijin, na ga wani saurayi ya keto gajimare yana tafe a iska, ya cafe wata budurwa da ta faɗo daga bene. Kallon da ya yi mata, sai na ji kamar daga cikin littattafan soyayyar da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa aka zaro shi. Tun daga ranar, in lokacin shirin ya yi, ko tuwo ne ke ƙonewa sai dai ya ƙone.

A lokacin kakanmu bai daɗe da rasuwa ba. Iya ta fita takaba, amma ta ƙi fita daga ɗaki. Matar da duk unguwa ta san masarta, ta kife tanda. Abinci sai an yi ta lallashi ta ci loma biyu. Ta rame har babanmu ya fara zancen asibiti.

Wata rana ta fito alwala, ta tsaya a ƙofar falo da buta a hannu. "Ke 'yar nan, wannan wandon bai matse shi ba? Me yake ce mata?" Turancin nasu ya fi ƙarfin kunnena, sai na cike da abin da na haddace. Na ce, "Cewa ya yi ke ce fitilar zuciyata, in ba ke numfashina aro ne." Ta taɓe baki. "Maƙaryaci. Ya je ya gaida iyayenta?" Amma ta zauna. Washegari ita ta riga ni zuwa. Na kuma lura in na tura mata kwano tana cikin zagin jarumin, takan cinye ba ta sani ba.

Ana nan sai wata ƙawata ta guntsa mini cewa budurwar mutuwa za ta yi. Na sha kukana a banɗaki, sannan tsoro ya kama ni. In Iya ta ga wannan, ai ɗaki za ta koma, kwanon ma ya koma yadda yake. Na yi addu'a a ɗauke wuta ranar. Wutar da kullum sai an ɗauke, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Budurwar ta faɗi a hannunsa, idanu a kafe. Ina jan majina na ce, "Iya, suma ta yi. Za a kai ta ƙasar waje magani."

"Rufe min baki, uwar soyayya. Da hannun nan na shafe wa kakanki ido, za ki gaya min suma?"

Na jira ta tashi ta shige ɗaki. Sai ma ta matso kusa. Jarumin ya tashi sama yana kururuwa, ya farfasa duwatsu, ya koma kan wani tsauni ya zauna shi kaɗai cikin ruwan sama. Ni a wurina nan ne ƙarshen soyayya. Iya kuwa ranta ne ya ɓaci. "Wai ba shi da dangi ne? Ba tabarma a ƙofar gida, ba mai cewa ya haƙuri, ko kunu ba a kai masa ba! Shi kuma sakarai, ya guje wa mutane ya ƙi ci, dawo da ita zai yi?" Tana faɗin haka ta sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallon siraran hannayenta.

Ranar da budurwar ta cika uku, ƙamshin masa ne ya tashe mu. Iya ce gaban tanda, ta ci ɗamara, tana aika faranti gida-gida. Kafin hantsi maƙwabta sun shigo da mayafai suna salati, wa ya rasu ba su ji ba? Ta ce, "Wata baƙuwa ce, saurayinta tashi sama yake yi." Wata ta ce, "Ayya, direban jirgi ne? Allah ya ba shi haƙuri." Na gudu kicin don kar dariya ta kashe ni.

Babanmu ya durƙusa a gefenta, ya yi ƙasa da murya. "Hajiya, wasa ne fa, yarinyar tana nan da ranta." Ta juya masar da ke tanda ba tare da ta dube shi ba. "Ka ga na yi kama da mahaukaciya? Ladan na ubanka ne. Miƙo min faranti." Ta zauna ta ci masa da miyar taushe har tana suɗe yatsa.

Ranar na gane baƙin ciki ba kan tsauni ake kai shi ba, kamar yadda littattafaina suka koya mini. Komai ƙarfinka, kana bukatar wanda zai turo maka kwano.

Iya ta ƙara shekaru masu yawa tana suya, har ta soya masar bikina tana tambayar angon ko shi ma yana tashi. Da ta rasu, ana kawo abinci gidan makoki na ja kwano na ci, ina kuka ina kai loma, don na san abin da za ta kira ni in na ƙi.