Kifin Mama Sikira da Sunan Baba Lamidi

Duk wanda ya san Baba Lamidi mai gyaran rediyo na Fagge ya san ba ya yarda da abu sai ya gana masa azaba. Sabon batir ma sai ya lasa!

Yayan mahaifiyata ne, shi ya sa lokacin da 'yan mitsi-mitsin ƙwaƙwalen na'ura masu kama intanet ba waya suka cika Sabon Gari, araha kamar gyaɗa, na kai masa guda.

Na ce, "Baba, na'ura zan haɗa wa masu ɗakin sanyi. Da ɗakin ya fara ɗumi, saƙo zai shiga wayar mai shi."

Ya shinshina abin. "Nawa?"

Na faɗa.

"Kai! Abin da kuɗinsa ko tsiren kirki ba zai saya ba, shi zai yi gadin dukiyar mutane?"

Ya ɗora shi kan kwanon rufi kwana uku a tsakar rana. Bai mutu ba. Ya cusa shi cikin ƙanƙarar mai zoɓo. Bai mutu ba. Ya ce, "Taurin kai gare shi, kamar kai."

Sai ya zauna yana kunna soket yana kashewa, har maƙwabta suka ce Baba ya taɓu. Can sai abin ya sandare: fitila na ci, saƙo babu.

"Ka gani? Haka wutar garin nan za ta yi masa. Kada ka saka wa kowa tukuna."

Na ɗauka rigimar tsufa ce. Na je na saka wa Mama Sikira mai kifi a ɗakin sanyinta, na ce mata Baba ya gwada.

Da hutun sallah aka yi ta kawo wuta ana ɗaukewa, ɗakin kuma a rufe. Wari ne ya kira ta, ba waya ba. Jarinta kaf!

Da ta zo shagon Baba tana kuka, layi ya cika da mutane, ni na laɓe bayan kantar shagon. Baba ya miƙe ya cire hula.

"Ni na gwada, Mama. Laifina ne."

Daga ranar aiki ya daina zuwa masa. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, sai dai in ya hango ni ya toshe hanci.

Wata huɗu ke nan da binne shi, kunya na cina, ban faɗa wa kowa ba sai yau. Mama, ni ne. Baba ya hana ni, na ƙi ji.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka. Ni kuma ya yafe mini.