Kawu Mudi da Shafin Haya

Duk wanda ya taɓa nuna wa Kawu Mudi mai hoto wani abin sayarwa ya san abin da ke biyo baya. Zai cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, sannan ya ce, "To, ina na kyauta?" Mai albasa a kasuwar Bodinga ya sha wannan tambaya, direban bas ya sha, ni kuwa Dije, 'yar ƙanwarsa, shekara guda cur ina shanta a kan shafin intanet.

Tun ina ƙarama yake yawo da kyamara tsakanin Bodinga, Shagari, Lambara da Horo Birni. Biki, suna, saukar karatu, duk shi ne, kuma ba ya danna kyamara sai ya daka wa mutane tsawa su yi fara'a. Da wayoyi suka cinye masa kasuwa, sai ya ce zai zuba tsofaffin hotunansa a intanet, ya rubuta labarin kowane a ƙasa, don 'ya'ya su ga fuskokin iyayensu da suka rasu, mai so a wanke masa kuma ya biya. Tunda ni ce mai kwamfuta a dangi, ina aikin jinya a Shagari, ni aka ɗora wa kayan.

Na zauna na yi masa bayani dalla-dalla: ga shafin da ake biya duk shekara, ga mai ɗan sauƙi, ga kuma na kyauta amma masu shi za su liƙa tallarsu a jiki. Ban rufe baki ba ya goge tabarau.

"Ke da bakinki na rediyo, kin tsaya kina ta Kananci. Na kyauta nika so."

Mako biyu da buɗe shafin wani bawan Allah ya kira daga Lambara yana huci. Hoton mahaifinsa, dattijon da ba a taɓa gani ba rawani ba, ga shi nan da tallar maganin sanƙo a ƙarƙashinsa. Ni na yi ta ba da haƙuri har makogwarona ya bushe. Da na faɗa wa Kawu, ko gezau.

"Ai ba su yi ƙarya ba. Ni naɗ ɗauki hoton, na ga kainai kahin shi naɗa."

Da ƙyar na shawo kansa muka koma na biya. Nan ma kalma ɗaya ta kusa ɓata komai, don na yi kuskuren cewa haya ce ta shekara.

"Haya? Ni Mudi, da gidana na gado, in koma ɗan haya cikin iska? Ce masu su sai mani hilin baki ɗai."

Na ce ba a sayarwa. Ya ce to a yi ciniki. Ya tsaya a kaina sai da na rubuta wa kamfanin cewa yana gaishe su da iyali, kuma in sun yi ragi zai ɗaukar musu hoton biki da na suna kyauta. Cikin ƙiftawar ido amsar na'ura ta dawo da Turanci. Na karanta masa, ya ce, "Ko sallama babu? Mutanen ga ba su da tarbiyya." Amma ya biya, mafi araha, yana ƙunƙuni kamar ana cire masa haƙori.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wurin da ya kamata ya yi tsimi, nan ne ya ƙi. Na nuna masa yadda ake matse hoto ya zama ƙarami, ya rage cin data, shafin ma ya riƙa buɗewa da sauri. Mutumin da ke tsaga tsinken ashana gida biyu ya dube ni kamar na zagi kakansa.

"Mutum Allah ya yi shi da girmanai, ke ki matse shi don kuɗɗi? Ba a rage mutum, Dije."

Haka muka riƙa zama a shagonsa duk Asabar muna kallon hoto ɗaya yana rarrafe. Sau biyu na yi yaji na ce ya nemi wani, sau biyu ya aiko min da fura na dawo.

Wata rana ina cikin bas a tashar Bodinga, mota cike, sai ga shi a taga yana sanar da ni da ƙarfi cewa ya canza kalmar sirrin shafin da kansa. Ya faɗe ta kowa na ji: fara'a biyar, a haɗe. Na ce, "Kawu, sirri ne fa." Ya ce, "To wa ka satar matattu?" Har direba ya yi dariya.

A daminar nan gara ta shiga kwalayen hotunansa ta cinye su tas. Bai daɗe ba shi ma ya kwanta, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Sai bayan addu'ar bakwai na tuna hayar shafin za ta ƙare ranar Juma'a, kuma in ba a shiga an sabunta ba za a goge komai. Fuskokin nan babu su a ko'ina sai can.

Ranar Alhamis da hantsi na zauna a tsakar gidansa da kwamfuta. Na rubuta fara'a biyar, ya ƙi. Na sa lamba a madadin biyar, ya ƙi. Na cire wannan, na ƙara wancan, shafin ya kulle ni na awa guda. Na nemi a turo sabuwar kalma, aka tura ta zuwa imel ɗinsa, shi ma da wannan kalmar ya kulle shi. Wallahi haushinsa na ji, mutum yana kabari yana ba ni wahala. Na ce da ƙarfi, "Kawu, ko mutuwa ba ta raba ka da taurin kai ba," sai kuka ya ƙwace min.

Inna Hajo, matarsa, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ba ta san kwamfuta ba, amma kalmar kam duk Bodinga an sani.

"Mi ya hwaru, ɗiyata? Ba hwara'a biyat yac ce maki ba?"

Na tsaya ina kallon bakinta. Kunnena ya ji Kawu a tasha, kaina ya gyara masa Hausa ban sani ba. Da awar ta cika na rubuta ta yadda bakinsa ke faɗa, hwara'a biyat, shafin ya buɗe.

Nan take na sabunta hayar. Sai na ga rubutu ɗaya da ya ajiye bai saki ba. Hoton mahaifiyata ne, wadda ta rasu ina shekara shida, tana dariya da ni a goye, hoton da ban san akwai shi ba. Ya daɗe yana buɗewa, don cikakke ya sa shi. A ƙasa ya rubuta: "Ƙanwata Balki. Ba ni sakin wanga sai Dije ta yarda. Kar a rage ta."

Ban rage ta ba, Kawu.

Ya Allah, ga bawanka Mudi ya zo, kuma na san tambayar da zai yi. Rahamarka kyauta ce, ka ba shi ita cikakkiya, kar a rage masa komai. Amin.