Hoton Bango da Littafin Marasa Lafiya

Ku da kuka fara aiki kwanan nan, bari in ba ku labarin wata ranar Talata da har yau ban manta da ita ba. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, ina akawun kati a wani ƙaramin asibitin Katolika a unguwar Maamobi. Aikina shi ne duk wanda ya zo in rubuta sunansa, gidansu da abin da ke damunsa a babban littafi. Akwai kuma aikin da ba a rubuta min a takarda ba: duk sanda gwamnati ta sauya, ni ke hawa kujera in sauke hoton tsohon shugaba in rataya na sabo. Ƙusa ɗaya ce, ta ga fuskoki iri-iri.

Na taɓa tsokanar Fada, limamin da ke kula da asibitin, na ce, "Fada, ku dai kowa ya hau naku ne." Ya yi dariya ya ce cocinsu ba ta zaɓa wa mutane sarki ko soja ko farar hula. Abin da take dubawa shi ne ko mai mulki yana yi don amfanin jama'a. A raina na ce wannan maganar masu tsoro ce.

A lokacin sojoji na bi kasuwa suna dukan matan da aka ce sun ɓoye kaya. Da safiyar ranar aka shigo da Hajiya Memuna, mai sayar da sabulu a kasuwar Nima, bayanta duk shatar bulala. Ta kuɓuce musu kafin su jefa ta a mota. Na rubuta ta kamar kowa, har da gidan ƙanwarta inda ta ce za ta fake. Aka wanke mata ciwo, ta fita ta ƙofar baya.

Kafin azahar sai ga wani kofur da mutum biyu. Ya ce da Hausarsa ta bariki, "Masa, maigida, kawo buku. Muna neman wani mace ya gudu."

Na rufe littafin na aika a kira Fada. Kofur ya nuna masa bango. "Ga hoton shugaba kun rataya. To ku bi oda."

Fada ya ce, "Mun rataya, muna kuma yi masa addu'a. Dokar da ta dace muna bi. Amma iko amana ce daga Allah, ba a ba da shi don a doke mace a kasuwa ba. Wannan umarni ba za mu bi ba."

Kofur ya juyo kaina. "Kai Musulmi ne, chale, abokina, me ya haɗa ka da maganar coci?"

Na tuna cewa da hannuna na rubuta gidan ƙanwarta, kuma ta faɗa min ne don ta yarda da ni. Na ɗaga littafin na miƙa wa Fada, na ce, "Ofisa, ni na rubuta, ni kuma ba zan karanta ba."

Bai iya fizge littafi a hannun limami a gaban jama'a ba, sai ya huce a kaina. Kwana biyu na yi a gadurum, ɗakin tsare mutane na barikin soja, ana tambayata gidan ƙanwar Hajiya. Fada ya yi ta sintiri har aka sake ni. Haƙorin nan da kuke min dariya a kansa, can na baro shi. Lokacin da na fito, Hajiya ta riga ta isa unguwar Malam wurin danginta lafiya.

Tun daga nan na janye kalmar tsoro da na liƙa wa Fada. Na kuma gane cewa a aikinmu girmama hukuma daban, miƙa mata mara lafiya daban. Ba a daɗe ba na sake hawa kujera na sauke wancan hoton ma. Littafin yana nan a durowarsa, sunan Hajiya a ciki, ba wanda ya karanta sai mu.