Sautun Kwanson Harsashi

Ko da zan tsufa in fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na kwance ƙullin surukina a tsakiyar shagon yadi a Kuala Lumpur.

Lokacin maigidana yana digiri na uku da tallafin gwamnati, muna zaune a unguwar Cheras. Ni zaman banza ba ya karɓata, sai na kama sayen yadi da mayafai ina turawa gida. Nan fa sautu ya yi mini rubdugu. Duk wanda ya ji wani zai taho sai ya yanko ƙyalle ya ƙulle, wai in nemo irinsa. Na saba har ba na kwance ƙulli sai na isa kasuwa.

Wata ɗaliba ta dawo daga hutu ta kawo mini kuka da daddawa, da wani ɗan ƙulli a tsumma daga surukina. Ta ce, "Wannan na Baba ne. Ya ce samfur ne, ki samo masa da yawa." Na ɗauka maɓallan riga ne. Na cusa a jaka na nufi titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, shagon wata dattijuwa 'yar ƙasar da nake ciniki da ita.

Ina kwancewa a kan teburinta wani abu na tagulla ya gangaro, tsawon yatsa, ya yi baƙi, bakinsa a tsage. Kwanson harsashi. Kafin in buɗe baki matar nan ta wurga masa mayafi ta rufe. Ta ce, "Tak boleh, lah!" wato an hana, tana leƙen ƙofa, inda 'yan sanda biyu ke tsaye a bakin titi. Ta damƙa mini shi da mayafin gaba ɗaya, ta ce in tafi, kada in sake nuna wa kowa. A jirgin ƙasa na rungume jakar nan kamar jariri, duk wanda ya dube ni sai in ƙara ƙanƙame ta.

Na san tushen abin. Baba yana da tsohuwar bindiga da ya gada daga mahaifinsa, tun ta zamanin Turawa, wadda an daɗe da daina yin harsashinta. In ya harba don korar birai daga gona, sai ya tsince kwanson, ya sake ɗura masa albarushi, ya narka darma ya toshe bakin. Ɗuri ya yi yawa, kwansunan sun fara tsagewa ɗaya bayan ɗaya. Sai wani mai dogon baki ya ce masa babu abin da babu a Malesiya. Yadda ƙullin ya wuce filin jirgi, Allah kaɗai ya sani.

Maigidana na dawowa daga makaranta na ajiye masa a gaba. Mutumin nan ya zame ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Kin san a ƙasar nan ko wofinsa aka gani a hannunka ka shiga uku? Karatu ya ƙare, tallafi ya ƙare, in ma an bar mu mun koma gida ke nan."

Na ce, "Malam, ni kake gaya wa? Kira Baba."

Ya kira, aka yi gaisuwa har kan awaki. Da ƙyar ya ce ba a samu ba. Ina jin muryar Baba: "To in babu, a ba mai tahowa ya dawo mini da shi. 'Yan kaɗan suka rage mini."

Sai na ji mijina ya ce, "To Baba, in sha Allahu."

In sha Allahu! Wato mu sake cusa wa 'yar mutane shi a jaka. Ban taɓa yi wa surukina magana ta wuce gaisuwa ba, amma ranar na fizge wayar.

"Baba, ku gafarce ni, ni ce. Abin nan in aka kama mu da shi ɗaure ɗanku za a yi. Ko kwanso ko karatunsa, ku zaɓa."

Maigidana ya dafe kai. Sai Baba ya ce, "Ashe abin ya kai haka? To a yar. Amma 'yar nan, kafin ki yar, ki kai wa maƙeran garin su duba, ko za su iya ƙera irinsa."

"Baba, babu maƙera a nan."

"Gari guda babu maƙeri? To me yaron nan ya je koyo?"

Na ɗauko taɓarya na daka kwanson har ya zama kamar murfin kwalba, na jefa shi a babban magudanin bayan gidanmu, ruwan la'asar ya tafi da shi.

Yanzu hoton bikin kammala karatun maigidana yana rataye a ɗakin Baba, ƙasa da bindigar. Duk baƙon da ya zo sai Baba ya nuna masa hoton, sannan ya nuna ni ya ce, "Ga wadda ta cinye mini kwanso."

Tun ranar na koyi abu guda: ba na karɓar ƙulli a ɗaure. Ko uwata ce ta ba ni sautu, a gabanta zan kwance in gani.