Jakar Clarrie

Merle Tuckwell, maƙwabciyarmu a yammacin garin Quilpie, ta shekara arba'in da ɗaya tana kiwon tumaki tana yi wa mijinta Clarrie faɗa. Ni dai ban san wanda ta fi ƙwarewa a kai ba.

Abu ɗaya Clarrie ya tsinana a duniya. Ya haɗa wata manhaja a tsohuwar kwamfutar kicin. Kullum sha biyun rana sai ta duba adireshin da aka rubuta mata, ta bi shi har jakar fayil mai sunan Clarrie, ta tayar da wani ɗan shiri da ke ciki. Shi ne ke kunna injin rijiyar da ke can ƙarshen gona, tafiyar awa guda, inda tumaki ɗari takwas ke shan ruwa.

Da Clarrie ya mutu, 'yarsu Raelene ta zo daga Brisbane ta yi shara, har cikin kwamfuta. Ta goge jakar ubanta kaf, ta koma.

Sai a kwana na biyar, ana tsakar zafi, Merle ta ji labari a waya daga bakin Raelene.

"Wace jaka kika ce kin goge?"

"Ta Baba mana. Tarkace ne, Mama."

"Ke ce tarkacen. Ruwan tumakina kika goge."

Ta figi mota, tana tafe tana duba sama ko za ta ga tsuntsayen da ke bin mushe. Ba ko ɗaya. Ta tarar da kwamin ruwan cike fal, tumaki kwance suna tuƙa. Ta dafa injin, da ɗuminsa. A gefen kwamin ƙasa ta jiƙe, amma babu sawun kowa.

Da ta dawo gida ta kira Raelene, ita kuma ta sa ta karanto abin da kwamfutar ta rubuta. Kwana biyar a jere: an tayar da shiri daga jakar Clarrie, sha biyu daidai. Suka nemi jakar sama da ƙasa, babu.

Raelene ta ce, "Bari in turo mai gyara ya sauya adireshin."

"Kar wanda ya taɓa min shi. Shekara arba'in ubanki bai taɓa yin aiki kan lokaci ba sai yanzu."

Yau shekara uku ke nan, ko tunkiya ɗaya ba ta mutu da ƙishi ba. Sai dai in sha biyu ta kusa, Merle kan kashe murhu, ta ɗauki hularta ta fito tsakar gida, ta ja ƙofar kicin. Wai Clarrie ba ya son a tsaya masa a ka.